Doyar da Kawu Ya Kai wa Alƙalin Gasa

Akwai abin da idan shekaru suka ja sai zafinsa ya huce, har mutum ya riƙa ba da labarinsa yana dariya. Nawa dai bai huce ba. Har gobe idan na ga a-kori-kura shaƙe da doya ta fita daga Lafia ta nufi hanyar Akwanga, sai abin ya dawo mini sabo. Abin da kawuna ya yi mini a shekarar da fim ɗina ya kai zagayen ƙarshe na gasar fina-finai, wallahi ko tsufa ya cinye mini hankali ba na jin zan manta da shi.

Ni malamar tarihi ce a wata sakandare a nan Lafia, kuma ban taɓa mafarkin yin fim ba sai da labarin kakana ya hana ni sakat. Kakan nawa, mahaifin Mama, tela ne a kasuwa a zamanin siyasar farko, lokacin da ake shirin karɓar mulki daga hannun Turawa. Yana da wani amini manomin doya, Kirista, daga ƙauyukan gefen gari. Su biyun suka shiga wata ƙaramar jam'iyyar adawa, suka ƙi karɓar gishiri da sabulu da atamfar da manyan 'yan takara ke rabawa gida-gida. Sun sha ɗauri, sun sha duka, an hana mutane kai wa kakana ɗinki. Tun ina ƙarama kakata ke ba mu labarin ranar da manomin nan ya ɗauko buhun gishirin da aka ajiye masa a ƙofar gida, ya ɗora a ka, ya taka har cikin gari, kakana na biye da shi, ya dire wa ɗan takarar abinsa a gaban jama'a. Wannan labarin na zauna na rubuta, na ce sai na ga an mayar da shi fim ko da zan rasa komai.

Kuma na kusa rasa koman. Na ajiye aikin koyarwa saboda ba a haɗa aji da ɗaukar fim. Muka tare a wani ƙauye wajen Arikya inda har lokacin akwai ɗakunan ciyawa, muna fama da ruwan sama da cizon sauro da janareton da ke mutuwa daidai lokacin da ɗan wasa ya fara kukan gaske. Rabin 'yan wasan ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, manoma ne da 'yan kasuwa. Mai ɗaukar mini hoto wani ɗan ƙabilar Tibi ne, mutum mai haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ba. A kan babur ɗinsa muke ɗaure kayan aiki daga Shabu inda yake zaune.

A duk tsawon wannan wahalar, Kawu bai taɓa leƙo mu ba. Shi ne yayan Mama, babban ɗan telan da nake ba da labarinsa. Dillalin doya ne, kuma tsohon ɗan siyasa, irin waɗanda ba su taɓa tsayawa takara ba amma ba a cin zaɓe a unguwa sai an bi ta ƙofarsu. Da ya ji na bar aiki, cewa ya yi wa Mama, "'Yarki ta bar albashin gwamnati ta koma wasan kwaikwayo? Allah Ya shirya." Iyakar gudummawarsa ke nan.

Da muka gama, aka nuna fim ɗin a wani bikin fina-finai, sai abin ya zo yadda ban zata ba. Masu sharhi suka yi ca a kansa. Wani ya rubuta cewa an daɗe ba a ga fim ɗin tarihi da bai mayar da talaka ɗan kallo ba. Wata a rediyo ta ce wurin buhun gishirin nan ya sa ta kuka a cikin mutane, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ba wai ba a kushe ba, an kushe. An ce sautin ya yi rauni a wasu wurare, an ce tsakiyar ta yi jan ƙafa, kuma gaskiya suka faɗa, ban ji haushi ba. Amma duk wanda ya buɗe baki sai ya ƙare da cewa a bana kyautar gwarzon fim ta Lafia ce. Da aka fitar da sunayen da suka kai zagayen ƙarshe, namu na ciki. Wani kamfanin rarraba fina-finai ya kira ni, ya ce idan muka ɗauki kyautar za su kai fim ɗin sinimomi, su kuma ɗauki nauyin na biyu. Ni da na bar aikina, wannan kyautar ita ce ƙofa ɗaya da ta rage mini. Idan ta buɗe na zama mai shirya fim. Idan ta rufe, na zama matar da ta watsar da aikinta a banza.

To a nan ne fa Kawu ya tuna yana da 'yar ƙanwa. A rediyo ya ji ana ambaton Lafia, abokansa na kasuwa suka fara yi masa barka. Sai ga shi gidan Mama da yamma da babbar riga, yana washe baki, yana cewa ai jininsu ne, duk zuriyarsu ba a yin abu rabi da rabi. Na durƙusa na gaishe shi, aka kawo masa sakwara da miyar agushi. Yana cikin ci ya dube ni.

"'Yar nan, wa ke raba kyautar nan?"

Na ce masa alƙalai ne, masana, shugabansu wani farfesa ne da ya yi ritaya, yana zaune a Jos.

"Kin je kin gan shi?"

Na ce, "Kawu, ai haramun ne a dokar gasar. Ko waya ba a yarda ka yi wa alƙali ba. Fim ɗin kawai suke kallo."

Ya yi wata dariya har da ajiye loma. "Fim kawai suke kallo! Ke dai boko ya cuce ki. Tun kafin a haife ki nake harkar zaɓe, ban taɓa ganin kujerar da ta zo wa mutum yana kwance a ɗaki ba. Sauran da kuke takara da su, kina tsammanin barci suke yi? Babu abin da ake samu a ƙasar nan ba da kamun ƙafa ba."

Na san halinsa sarai. Na matsa kusa, na ce, "Kawu, don girman Allah, don darajar iyayenka, kada ka yi komai. Addu'a kawai nake so." Na faɗa na sake faɗa, a gaban Mama. Ya ce, "To." Ya wanke hannu, ya sa mini albarka, ya tafi. Ashe wannan "to" ɗin irin wadda ake yi wa yaro ce idan ya ce zai tuƙa mota.

Ana saura 'yan kwanaki bikin ba da kyaututtuka, ina wajen tela ana gwada mini kayan da zan sa, sai ga mai ɗaukar hotona ya faka babur ko kashewa bai yi ba. Ya shigo yana haki. Hausarsa irin ta kasuwar Lafia ce, kowa "ka" ne a bakinsa.

"Madam, ka duba waya? Wahala ya zo fa. Ka duba abin da kawunka ya yi."

Ya miƙo mini wayarsa. Hoto ne. Ga Kawu cikin babbar rigarsa ta zuwa taro, ya riƙe hannun wani dattijo mai furfura da tabarau, yana murmushi kamar an rantsar da shi. Dattijon kuwa kallo ɗaya za ka yi masa ka san bai fahimci abin da ke faruwa ba. A bayansu a-kori-kura ce cike da doya, manya-manya irin waɗanda ake zaɓa don kai wa surukai, ga buhun agushi, ga rago fari an ɗaure a jikin ƙarfen motar. A ƙasan hoton an rubuta cewa tawagar dattawan Lafia ta kai wa shugaban alƙalai gaisuwar ban girma, da yardar Allah kyauta ta zo gida.

Kun san 'yan siyasarmu, ba sa ziyara sai da mai hoto. A wajensu ziyarar da ba a ɗauka an watsa ba, ba a yi ta ba. Tun kafin su bar ƙofar gidan farfesan, ɗaya daga cikin 'yan rakiyar Kawu ya sa hoton a shafukan sada zumunta, don mutanen gari su san wa ya yi ƙoƙarin.

Na zauna a kan bencin tela da allurai a jikin rigar. Daga baya na ji yadda aka yi. Farfesan ya ɗauka iyayen wani tsohon ɗalibinsa ne, ya fito ya tarbe su, aka gaisa, aka ɗauki hoto. Sai da Kawu ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yarmu ce mai fim ɗin nan na Lafia, mun zo a duba mana," sannan dattijon ya gane. Ya miƙe ya ce su kwashe kayansu su bar masa gida, ko ruwa bai bari sun ƙarasa sha ba. Shi da kansa ya kira masu shirya gasar ya sanar da su. Kafin la'asar saƙo ya shigo wayata: an cire fim ɗina daga gasar saboda yunƙurin sayen alƙali.

Ban san lokacin da na hau bayan babur ɗin ba. Na ce wa mai ɗaukar hotona kasuwar doya. Muka tarar da motar ta dawo, ana sauke doyar a gaban rumfar Kawu, ragon na cin ɓawo a gefe, shi kuwa yana zaune a kan tabarma da abokansa yana ba su labarin rashin mutuncin 'yan boko. A rayuwata ban taɓa tsayawa a kan Kawu ina magana ba, sai ranar. Ko gaisuwa ban yi ba.

"Kawu, me na yi maka? Ban roƙe ka ba? Ban haɗa ka da Allah ba?"

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. "Ke, da wa kike magana a tsaye?"

"Da kai nake! An cire ni! Ka ji? An cire fim ɗina, an ce na ba da cin hanci!"

"Cin hanci?" Ya juya wajen abokansa yana tafa hannu. "Jama'a ku ji mini. Doya ce cin hanci? Ni da na zaɓo ta da hannuna, na zuba mai, na bar kasuwata na tafi har Jos saboda ke? A garin nan wa ke zuwa gaban babba hannu rabbana? Gaisuwa ce, 'yar nan, gaisuwa! Mutumin ne ba shi da tarbiyya."

Abokan suka gyaɗa kai, wani har da cewa ai ko Bature aka kai wa rago ya yi godiya. Kaina ya ɗauki zafi, idona ya rufe. Na ce, "Ka kalli fim ɗin ma kuwa? Labarin mahaifinka ne! Mutumin da ya sha ɗauri don ya ƙi karɓar gishiri, yau ɗansa ne ya kai wa alƙali rago!"

Na ga fuskarsa ta canza. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya yi magana a hankali, kuma wannan ta fi tsawar ciwo.

"Ke a labari kika ji. Ni ina gidan. Baba ya ƙi gishiri, mu muka sha miya lami. Ya sha ɗauri, ni na bar makaranta na shiga dako a kasuwar nan don uwarki ta ci abinci. Ya mutu da keken ɗinki ɗaya da jama'a na tafa masa. Ni na rantse nawa ba za su tsaya jiran tafi ba. Ki je ki sa wannan a fim ɗinki."

Kada ku ɗauka zuciyata ta yi sanyi. Ko kaɗan. Na ji tausayin yaron da ya yi dako, amma dattijon da ke gabana ya rusa mini abin da na gina da hannuna, kuma ko a jikinsa. Na juya na tafi ina kuka a tsakiyar kasuwa, mata masu sayar da manja suna tambayar wa ya mutu.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne masu sharhin nan. Mutanen da jiya suke cewa ba a taɓa yin irinsa ba, yau suka wayi gari da sabbin idanu. Wanda ya ce fim ɗin ya ɗaga darajar talaka, shi ne ya dawo ya rubuta cewa da ma can ya lura akwai munafunci a cikinsa. Wata ta ce yanzu ta gane yabon da aka yi ta yi ma sayensa aka yi, alhali da bakinta ta yaba, kuma ko katin waya ban taɓa saya mata ba. Aka haɗa hoton manomin fim ɗina da buhun gishiri a ka da hoton Kawu da ragonsa, aka yi ta yawo da su ana dariya. Aka sa mini suna mai doya. Jama'a, fim ɗin nan fa ko daƙiƙa ɗaya ba a canza a cikinsa ba! Sautin da ya yi rauni yana nan da rauninsa, wurin da ya sa su kuka yana nan. Na rubuta bayani, na rantse ban san da tafiyar ba, na kira masu gasar har suka daina ɗauka. Wa zai yarda cewa kawun mutum zai cika mota da doya ya tafi Jos ba da saninsa ba? Sai wanda ya san kawunnanmu. Kamfanin da ya yi mini alkawari kuwa, ko sallama bai yi mini ba.

Ana cikin haka Mama ta kira ni ɗaki. Na ɗauka lallashina za ta yi. Sai ta ce in shirya mu je in ba Kawu haƙuri, na ɗaga masa murya a gaban mutane, duk dangi sun ji. Na ce, "Mama, ni aka kashe, ni kuma zan ba da haƙuri?" Ta ce, "Yayana ne. Shi ya riƙe ni. Ko me ya yi, don ke ya yi." Na je. Na durƙusa a gabansa, na ce ya yafe mini, haƙorana a datse. Ya dafa kaina ya ce ya yafe, ai yaro ba ya rasa kuskure. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, ba don kunya ba, don kada in faɗi abin da ke bakina.

An yi biki, wani fim ya ɗauki kyautar, ban ma kalla ba. Bayan ƙura ta lafa na shiga mota na tafi Jos ni kaɗai, hannuna babu ko ƙwayar gyaɗa. Ba roƙo na je yi ba, komai ya riga ya wuce. So nake mutum ɗaya a cikin alƙalan ya dubi idona ya san ban aiki kowa ba. Farfesan ya karɓe ni a barandarsa, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya cire tabarau ya goge.

"'Yata, na yarda da ke. Tun ranar na san ba ke kika turo su ba. Wanda ya yi wancan fim ɗin ba zai yi wannan ba. Amma hoto ya riga ya fita, da mun bar ki a ciki, babu wanda zai sake yarda da gasar."

Na ce na gane. Na miƙe zan tafi, sai ya ce in zauna.

"Ban san ko alheri zan yi miki ba idan na faɗa. Mun riga mun gama zamanmu tun kafin su zo. Mun zaɓa, mun sa hannu, sanarwa kawai ta rage. Fim ɗinki ne ya ci. Babu wanda ya yi jayayya a cikinmu."

Ban yi kuka a gabansa ba. Sai da motar ta wuce Akwanga sannan abin ya sauko mini, na kifa kai a kujerar gaba, matar da ke kusa da ni tana ta ba ni haƙuri ba ta san dalili ba. Ashe kyautar tana hannuna. Ina wajen tela ana gwada mini riga, ashe rigar karɓar kyauta ce da gaske.

Da na iso Lafia ban wuce gida ba, na nufi wajen Kawu. Na gaishe shi yadda ya kamata, na zauna, na faɗa masa abin da farfesa ya ce, kalma bayan kalma. Ina so in ga ya sunkuyar da kai sau ɗaya. Ba na neman ya ba ni haƙuri, na san babba ba ya yi. Ya dai yi shiru, ya gane.

Ya yi shirun kuwa, yana shafa gemu. Har na fara zaton ya gane. Sai ya gyaɗa kai.

"Na gano inda aka yi kuskure," in ji shi. "Hoton ne. Idan kika yi na biyu, ba za mu je da mai hoto ba."

Yau ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, fim na biyu bai samu ba har yanzu. Muna gaisawa da Kawu, ina kai masa abincin salla, idan ba shi da lafiya ina zuwa dubiya. Amma ko gasar kacici-kacici ɗalibaina za su shiga, sai an gama an raba kyauta yake ji. Abin da na koya shi ne, mugun halin da na ɗauka yana can wajen manyan 'yan siyasa, yana nan cikin gidanmu, yana cin tuwo tare da mu, kuma sunansa gaisuwa. Maƙiyi idan ya cuce ka ya san ya cuce ka. Mai ƙaunarka da ya yarda cewa babu abin da ake samu da cancanta, zai kashe ka yana jiran godiya. Irin wannan ba a yi masa bayani, ɓoye masa ake yi har sai abin ya shiga hannu.